Gasima (tarar laifin hanya) a Saudiyya: yadda za ka yi da ita kafin ta tsare ka a bakin tafiya

Ƙarshen 2023 aka kira ni daga Kano cewa jikin tsohuwa ya yi tsanani, in zo. Washegari da sassafe na je wajen mu'aggib ɗin kafilina, wato mai bin masa harkar takardu, a nan Jidda ya fitar min da huruj wa auda, bizar fita da dawowa, ya ɗan daddanna kwamfuta sai ya ɗago ya ce min ai biza ba za ta fita ba, akwai muhalafa, wato laifin hanya, a kan igamata, katina na zama a ƙasar. Na ce wace muhalafa kuma, ni da rabona da tuƙa motata wata uku? Ya juyo min da fuskar kwamfutar. Guda biyar reras. Tsallake jar danja riyal 3000, riƙe waya 500, gudu har sau uku, jimilla 4100. Wallahi sai da na nemi kujera na zauna.

Abin da ya faru shi ne wani ɗan garinmu na ba aron motar, tunda ni lokacin motar wajen aiki nake ja, ita kuma tana ajiye rana na dukanta a bakin gida. Ban yi masa tafwidi ba, wato izinin tuƙa motar a hukumance, ban rubuta komai ba, mukulli kawai na miƙa masa na ce Allah ya tsare. Saƙonnin murur, 'yan sandan hanya, kuma duk suna shiga wani tsohon layina da ke cikin wata ƙaramar Nokia a durowa, batir ya mutu tun tuni. Da na kira shi cewa ya yi "Yaya wallahi ni ban ga wani filashi ba." To ai ba sai ka gani ba. Na ranto kuɗin na biya na tafi, maganar da ke tsakanina da shi kuma ba ta nan ba ce.

Tun daga ranar na zauna na koyi yadda abin nan yake aiki, shi ne nake so in rubuta wa 'yan uwa direbobi, na gidaje da na kamfani da masu motar kansu, daga Karantina da Sabil har Shari' Mansur a Makka da mutanenmu na Madina da Riyad.

Ita gasima suna take bi, ba hannun da ke kan sitiyari ba

Wannan shi ne abin da mutanenmu suka fi yin sakaci da shi. A gida Najeriya ko Nijar in an tare ka, kai da jami'i ne ido da ido, a yi magana a rabu. Nan kuwa tun da aka kawo Sahir, tsarin kyamarorin hanya, a 2010 yawancin tarar kyamara ce ke yanka ta, ita kuma kyamara ba ta san fuska ba, ba ta san Alhaji ba, ba ta jin "don Allah". Lambar mota take ɗauka, na'ura ta duba sunan wa ke kan motar, ta liƙa masa a lambar igamarsa. Shikenan. Ko kana barci a ɗakinka a lokacin, kai ne mai laifi a takarda.

Saboda haka duk wanda zai ba wani mota fiye da zuwa kanti a dawo, ya shiga Absher, manhajar hidimomin gwamnati, ya yi masa tafwidi. Yana cikin hidimomin mota, ka zaɓi motar, ka sa lambar igamar wanda za ka ba, ka sa daga yaushe zuwa yaushe, shi ma ya shiga nasa Absher ɗin ya amince. Daga nan abin da kyamara ta kama a wannan lokacin kansa zai hau. Sai dai fa dole lasisinsa ya kasance da rai. In ya fara ce maka "haba Yaya, har sai mun yi wannan, ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce masa ba kai ba ne, tsarin ƙasar ne. Wanda ya ƙi tafwidi ya riga ya faɗa maka wanda zai biya.

In kuma ba shi da lasisi kwata-kwata to kada ma a fara. Shi za a ci shi tarar tuƙi ba lasisi, tsakanin 1000 zuwa 2000, kai mai motar ma akwai taka tarar don ka ba shi, in kuma tsautsayi ya gifta aka yi hatsari tare za a ɗora muku nauyin. Na san halin da wasu 'yan uwanmu ke ciki na rashin takarda, na san tausayi ne ke sa a ba su, amma ka san abin da kake ɗauka a wuyanka.

Haka in ka sayar da mota. Kar ka yarda da "ka ba ni in fara hawa, in an yi albashi sai mu je mu juya suna." Muddin istimara, takardar rajistar motar, na ɗauke da sunanka motarka ce, da ita da duk abin da ta jawo. Direban kamfani kuma ya juya abin ta ɗaya gefen: kamfanoni suna rajistar direba a kan mota ta tsarin Tamm, to ranar da ka ajiye motar ko aka canja maka wata, ka tsaya sai ka ga an cire sunanka, ka duba da idonka a Absher. Ba don mugunta ba, wani lokacin mantuwa ce kawai ta ma'aikacin ofis, amma wanda ya karɓi motar bayanka yana ta sheƙa gudu a titin Haramain kai kana ta karɓar saƙo.

Ranar da saƙo ya shigo

Abu na farko, layin da ke kan Absher ɗinka ya zama shi ne a wayar da ke aljihunka. Ni nan ne na faɗi. In ka canja layi ka je injin Absher ka sabunta, akwai su a manyan kantuna da wasu bankuna, yatsa kawai za ka ɗora.

In saƙon ya zo kar ka share shi cikin fushi, kar kuma ka ce sai ƙarshen wata. Daga ranar agogo ya fara bugawa. Ka buɗe Absher, ka shiga ɓangaren murur, ka nemi muhalafat, ka karanta ta a natse: wace rana, ƙarfe nawa, wane gari, wane titi, wace mota, wane laifi. Ka tambayi kanka ina nake a wannan lokacin? Sau da yawa za ka tuna, ka ce af, ranar nan ce da nake saurin kai Hajiya asibiti. To in kai ne, kai ne, wuce wajen biya. In kuma ka ga an rubuta Dammam alhali kai ko hanyar ba ka taɓa bi ba, ko an ce ba ka sa bel ba kuma ka san ka sa, to akwai ƙofar ƙorafi.

Wani abu da ya kamata a sani: murur ba sa turo maka mahaɗi su ce danna nan ka biya da katinka. Lokacin da aka yi rangwamen tara na 2024 'yan damfara sun yi ta tura irin waɗannan saƙonnin, har murur ɗin suka fito suka yi gargaɗi. Duk saƙon da ya ce ka sa lambar katinka ko lambar sirrin da aka turo maka, goge shi.

I'itiradi, wato ƙorafi

Kwana 30 gare ka daga ranar da aka sanar da kai. Ni lokacin da na gano nawa duk sun wuce, ko ina da hujja bakin alƙalami ya bushe. A Absher ɗin dai ake yi, ba sai ka je ka yi layi a ofishi ba. Ka shiga hidimar i'itiradi, ka zaɓi gasimar, ka zaɓi dalili, ka rubuta bayani gajere. In ta kyamara ce ka duba hoton da kyau, ka ƙara girmansa, ka kalli lambar harafi bayan harafi, ka kalli launin motar da ƙirarta. Akwai lokacin da harafi ɗaya ne ya bambanta motarka da ta wani.

Bayanin da Larabci za ka rubuta, in naka na kasuwa ne ka nemi yaran nan namu haifaffun nan su rubuta maka, layi biyu ya isa. Kuma ka rubuta hujja, ba roƙo ba. "Ni talaka ne ina da iyali" gaskiya ce amma ba ta soke tara. Abin da ke aiki shi ne irin: motar da ke hoton ba tawa ba ce, ko an rubuta min laifi ɗaya sau biyu a minti ɗaya, ko a ranar motar tana hannun wanda na yi wa tafwidi. In kana da takarda, ta gareji ce ko ta kamfanin haya, ka ajiye ta kusa.

Kar kuma ka mai da shi caca, duk gasimar da ta zo ka danna ƙorafi ko Allah zai sa a dace. Wanda aka yi ta mayar masa da ƙorafinsa ana iya rufe masa hidimar, ranar da yake da gaskiyar kuma ya rasa ƙofa.

Nawa ne kuɗin

Dokar ta kasa laifuka aji-aji, kowane aji da ƙasansa da samansa. Ba zan jero su duka ba, waɗanda suka fi cin mutanenmu dai ga su. Rashin ɗaura bel 150 zuwa 300. Riƙe waya a hannu kana tuƙi 500 zuwa 900, kuma yanzu kyamara ce ke kama duka biyun, tana leƙo cikin motar ta gilashin gaba. Tsallake jar danja 3000 zuwa 6000, bin hanya a baibai ma haka. Wasa da lambar mota, a sa wadda ba tata ba, 5000 zuwa 10,000, rufe ta ma laifi ne, don haka masu shawarar a shafa wa lamba ƙasa ko a manna mata wani abu, ku bar su da shawararsu. Tafhiɗ kuwa, wasan jan mota da samari ke yi, 20,000 ne karon farko, 40,000 na biyu, 60,000 na uku, ban da kama motar.

Inshora kuɗin tararta kaɗan ne, 100 zuwa 150, amma ita ce mai cin mutum a ɓoye. Tun watan Oktoba na 2023 na'ura ke duba ta da kanta, kuma duk kwana 15 ana iya sake rubuta maka muddin ba ka sabunta ba. Sai ka ga mutum ya tara guda shida bai sani ba, kuɗin da ya kusa sayen inshorar kanta.

Gudu shi ne mai ɗan lissafi. A titin da iyakarsa 120 ko ƙasa da haka, in ka haura da fiye da kilomita 10 zuwa 20 tarar 150 zuwa 300 ce, tana ta hawa mataki-mataki har in ka haura da fiye da 50 ta kai 1500 zuwa 2000. Amma a manyan hanyoyin da aka mayar 140 a 2018, kamar hanyar Hijira ta Makka zuwa Madina, sararin da aka ba ka kilomita 5 ne kawai, kuma daga 300 take farawa. Masu jigilar baƙi zuwa ziyara sun fi kowa sanin wannan, hanya ta miƙe ɗoɗar ba kowa, kowa a motar ya yi barci, ƙafa ta yi nauyi a kan totur ba ka sani ba. In motarka na da abin nan mai riƙe gudu ka saita shi ka huta.

Sai juyawa dama a kan jar danja. An yarda a inda babu alamar hani, amma sai ka tsaya cak tukuna bayan farin layi, ka duba, sannan ka shiga. Rage gudu ba tsayawa ba ne. Sababbin zuwa da yawa a nan suke karɓar gasimarsu ta farko, sun ga na gabansu ya sulale sun bi shi.

Biya

Ta banki ake biya, ta tsarin Sadad, ko a manhajar bankinka ko a injin cire kuɗi. Ka shiga biyan kuɗaɗen gwamnati, ka zaɓi muhalafat na murur, sai ya ba ka zaɓi biyu: da lambar igama, wanda zai kawo maka duk abin da ke kanka gaba ɗaya, ko da lambar gasimar in ɗaya kake son biya. In ba ka da asusu wani zai iya biya maka daga nasa, amma ka tsaya a kansa ka ga lambar da ya sa, ka ɗauki hoton rasit. Lamba ɗaya in ta kuskure ka biya wa wani bawan Allah da ba ka sani ba. Bayan nan ka koma Absher ka tabbatar ta sauka.

Ga inda saurin biya ke da riba. An yi babban rangwame na rabin kuɗi a kan tsofaffin tarar da suka taru, ya fara 18 ga Afrilu 2024, aka ƙara wa'adinsa har 18 ga Afrilu 2025, ya ƙare. Ni kam da ciwon tsohuwa ya jira wata biyar da 2050 zan biya, amma ciwo ba ya jira, kuma alhamdulillahi na same ta da rai. Wanda ya rage yanzu shi ne rangwamen kashi 25 cikin 100 ga wanda ya biya da wuri, cikin kwana 45 na farko, wato kwana 30 na ƙorafi da 15 na biya da ke biye da su. Tarar 3000 ta dawo 2250, ai 750 ba abin yarwa ba ne, cefanen wata ne a wani gidan. Wasu manyan laifuka dai irin su tafhiɗ ba a wannan layin suke ba.

In kuɗin sun fi ƙarfinka, kar ka yi shiru ka ɓuya. Kafin kwana 15 ɗin nan su ƙare ka shiga Absher ka nemi ƙarin wa'adi, ana ba da har kwana 90. Ka lissafa shi da ranar albashinka.

In ka ƙi biya fa

A da abin da muka sani shi ne in wata ya wuce tarar ta haura zuwa samanta, mutum ya bar ta ta yi ta zama har sai ranar da ya buƙaci wata hidima. Yanzu doka ta ba da dama in wa'adi ya cika a tsare kuɗin kai tsaye daga asusunka na banki. Ka wayi gari albashi ya shigo, ka je turawa gida, ka tarar an riga ka.

Ko ba a taɓa asusun ba, ƙofofi ne ke rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba za ka sabunta istimara ba, ba za ka sabunta lasisi ba, ba za ka juya sunan mota ba in ka samu mai saye. Huruj wa auda ba za ta fita ba kamar yadda ta faru da ni. Huruj niha'i kuwa, na tafiya gaba ɗaya, bayan biyan tara sai ka tabbatar babu wata mota da ta rage da sunanka. Na ga dattijon da ya gama haɗa kaya, ya yi sallama da kowa, aka ci shinkafar bankwana, sai ga wata tsohuwar mota da ya sayar shekaru da suka wuce ba a juya suna ba ta tsare shi, ana ta neman wanda ya saya. Kuma ɗaya na jawo ɗaya: tara ta hana ka sabunta istimara, istimarar da ta mutu ita ma laifi ce.

Yawancin abin da na lissafa tara ce kawai, ka biya an wuce wajen, ba kotu ba gidan yari. Amma akwai ajin da suke kira laifukan da ke jefa rayuwar jama'a cikin haɗari, a ciki akwai tsallake jar danja, da bin hanya a baibai, da gudun nan da ya haura 50 a titin 120 ko 30 a titin 140, da tuƙi cikin maye. Waɗannan ana ƙirga maka su. In ka maimaita cikin shekara ɗaya saman tarar za a yanka maka, karo na uku kuma kotu ce, tana iya kai wa ga ɗaurin da bai wuce shekara ba. Ga mu baƙi kuma, in kotu ta tabbatar da irin wannan laifin a kanka ana iya haɗawa da kora daga ƙasar. Don haka wanda ya riga ya ci jar danja sau ɗaya a bana ya san inda yake tsaye, in ya ga kore ya fara ƙyaftawa ya taka burki, na baya ya yi ta hon ɗinsa.

Direbobin gida

Ku naku ya ɗan bambanta don motar ta maigida ce, amma sau da yawa kai aka rubuta a matsayin mai tuƙa ta. Tun ranar farko ku yi magana a fili, wa zai biya in an rubuta? Ni a ganina in kai ka yi gudu don kanka ko ka ɗauki waya, kai ya kamata ka biya, ba sai an yi rigima ba. Amma in Hajiya ce ta ce tsaya min nan nan a bakin kanti inda aka hana tsayawa, ko ɗan gidan ya karɓi mukulli da daddare ya fita, wannan ba naka ba ne, ka faɗa da ladabi a ranar, kar ka bari sai ƙarshen wata ka ga an zaftare albashi sannan ka fara ƙunƙuni. Ni shawarata ka riƙe ɗan littafi a cikin motar, duk ranar da wani ya karɓe ta ka rubuta rana da lokaci. In saƙo ya zo sai a gwada da littafin, magana ta ƙare ba wanda ya ce wa wani maƙaryaci.

Wani abu kuma da ake haɗawa da gasima alhali ba ita ba ce: ɗaukar fasinja da motar gida ba izini, irin a filin jirgi ko bakin tasha, wannan na hukumar sufuri ne, tararsa dubbai ce kuma ana kama motar. Shigar da marasa tasrihi, wato takardar izinin Hajji, Makka lokacin aikin Hajji kuwa wannan wata duniya ce daban, ba a maganar rangwame ko kwana 30 a wajen. Irin tarar da ba ta murur ba in kana son ganinta ka duba dandalin Ifa, can ake tara na hukumomi daban-daban.

In kuma jami'i ne ya tsayar da kai a hanya ba kyamara ba, ka faka gefe, ka sauke gilashi, ka yi sallama, ka nuna igama da lasisi da istimara, na cikin waya a Absher ma suna karɓa. Kar ka yi gardama a bakin titi, wajen gardamar Absher ne kuma kana da wata guda. Kar kuma ko da wasa hannunka ya nufi aljihu da nufin "a sha ruwa", wannan shi ke mai da tarar riyal 300 ta koma shari'ar cin hanci.

Ni yanzu duk Juma'a in na dawo daga masallaci, kafin a sauke abinci, nakan buɗe Absher in leƙa, ba ya cin minti biyu. Ita kuma Nokiar na ciro layin na sa a wayata tun a filin jirgin Jidda ranar da na dawo. Ɗan garin namu ya sake zuwa aron mota bara, na ce masa to, kawo lambar igamarka. Ya ce zai dawo da yamma.